Ranar da Na Gasa Molon Japan

Abin da ya fara ba ni haushi a ƙasar Japan shi ne shiru. An kai mu wani garin manoman shinkafa can arewacin ƙasar, mu 'yan istaj, wato masu neman horo, daga ƙasashe daban-daban, don mu koyo aikin ƙasa da iri. Ni ma'aikaciyar gidan gona ce a Tasawa, amma 'yar Gidan Amumune ce, garin da jaki ba ya kuka shi kaɗai sai na maƙwabta sun taya shi. A can kuwa mota ba ta oda, maƙwabci ba ya ɗaga murya, ko jirgin ƙasa ka shiga sai ka rantse gaisuwar mutuwa za a je. Ban daɗe ba na fara hira da tukunyar dafa shinkafa a ɗakina.

Wata Lahadi da hantsi na fito neman albasa, sai na ji wani amo yana fitowa daga wani gidan katako a bayan shagon gyaran keke. Ƙafata ta tsaya da kanta. Tsirkiya ce ake bugawa a kan fata, kuma kunnena bai san wani abu mai irin wannan muryar ba sai molon Babana.

Babana shi ne Mantau mai molo. Duk wanda ya taɓa zuwa biki ko suna tsakanin Gidan Amumune da Mayahi ya san shi. Akwai wani take da yake buɗe kiɗa da shi, taken kakanmu, wanda shi ma wurin ubansa ya karɓa. Shekara guda kafin tafiyata hannunsa na dama ya shanye. Molon ya hau ƙusa a bangon ɗaki, bai sake saukowa ba. Yaya Sani ya ce shi kabu-kabunsa ya ishe shi, ba zai zama maroƙi ba. Ƙanena Ila ya bi masu haƙar zinariya arewa. Ni da taken yake cikin kaina tun daga farko har ƙarshe, ni ce ba a yarda in taɓa ba. Ina yarinya na taɓa miƙa yatsa kan tsirkiyar, Baba ya buge mini hannu.

"Mace ba ta taɓa molo, Uwani. Ba a yi ba, ba a kuwa yi."

Ke nan duk ranar da Allah ya ɗauki Baba, taken zai bi shi. Wannan abu ya daɗe yana cina, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Na leƙa gidan katakon. Tsofaffin mata ne a durƙushe a layi, kowacce ta rungume wani abu mai dogon wuya, da ƙoƙo mai kusurwa huɗu, da tsirkiya uku kamar ta molo. Mata! Har da mai haƙoran roba. Sunan abin shamisen. Nan take na ƙulla a raina cewa a nan zan koya wa hannuna tsirkiya, inda babu mai buge shi, in koma gida in buga wa Baba takensa tun yana da rai. Na ɗauka aikin wata biyu ne. Allah ya yafe mini wannan wauta.

Malamar, wadda kowa ke ce wa Sensei, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai furfura, bayanta a miƙe kamar an sa mata sanda. Da ɗan Japanancin da aka koya mana da taimakon waya na roƙe ta. Ta dube ni daga ɗankwali har safa, ta ce in zo Lahadi mai zuwa. Na zo da zumuɗi, sai aka ce zama za a fara koya mini. Zama! Irin zaman tahiya ne, a kan duga-dugai, na ce a raina ai wannan tun ina yarinya nake yinsa sau biyar a rana. Ashe tahiyarsu ba ta da sallama. Da aka tashi ƙafafuna suka ce ba su san ni ba, na kife a kan wata tsohuwa mai suna Sato, muka zube tare. Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri.

Lahadi ta bi Lahadi ina koyon yadda ake sunkuyawa a gaida malama, da yadda ake ɗaukar shamisen, da yadda ake aje shi, da yadda ake goge shi da ƙyalle. Ganyen itatuwa ya yi ja ya zube ban buga komai ba. Da aka tashi ba ni dama, sai aka danƙa mini wani faifai mai faɗin baki kamar abin kankare ƙanzo, wai shi bachi, da shi ake bugun. Baba da yatsunsa yake yi, ya shafa ya tsinka yadda ya ga dama. Wannan kuwa sai ka soke shi tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ka lanƙwasa wuyan hannu kamar mai ciwo. Tsirkiya ɗaya, bugu ɗaya, daga sama zuwa ƙasa.

"Mo ikkai," in ji Sensei. Wato sake.

Na sake.

"Mo ikkai."

Ba ta cewa ya yi, ba ta cewa bai yi ba. Na tsani kalmar nan har cikin raina, har a mafarki nake jinta.

Na ga in dai Lahadi kawai zan riƙa taɓa abin nan, zan koma Tasawa ban wuce bugu ɗaya ba. Dole in sami nawa. A shagon da muke sayen naman halal a babban gari na gamu da wani mutumin yankinmu na Afirka, mai sayen tsofaffin kayan mota yana turawa gida. Yana jin Faransanci, bakinsa kamar zuma.

"Ma sœur, kar ki je kanti, za su yanke ki. Ni na san inda tsofaffi ke zubar da nasu. Mu baƙi ai sai mun riƙe juna."

Har ƙwalla na yi don daɗin jin an kira ni 'yar'uwa. Ya kawo mini wani mai sheƙi a cikin akwati, an zana furanni a jikinsa, na ba shi abin da na daɗe ina tarawa. Ranar Lahadi na buɗe shi a gaban aji ina ƙasaita. Tsofaffin nan suka sa hannu suka rufe baki, kafaɗunsu na rawa. Sensei ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta murɗa abin ɗaure tsirkiyar, ya juya fayau bai kama komai ba. Na ado ne, irin wanda ake ratayewa a bangon gidan abinci. Na kira ɗan'uwan nawa, wayar ba ta shiga, har yau kuma ba ta shiga ba.

Ranar, bayan kowa ya watse, Sensei ta shiga ciki ta fito da wani tsohon shamisen, wuyansa ya yi baƙi don riƙo. A kan fatar akwai wani wuri da ya sha bugu har ya yi santsi ya canza launi. Ta ce na mahaifiyarta ne, ita ta koya mata, kuma tun da ta rasu ba wanda ya buga shi. Ta ce ba ta son ganinsa a kwance. Na tuna wani da ke rataye a ƙusa a Gidan Amumune, na miƙa hannu na karɓi aronsa. Ta yi mini gargaɗi a hankali, tana maimaitawa don in gane: laima ita ce abokiyar gabarsa, kar in bari laima ta kama fatar. Wannan kam na gane shi sarai, ko kuwa in ce na ɗauka na gane.

Sanyi ya zo. Ƙanƙara ta rufe gonakin da aka kawo mu mu koya, ta rufe hanya, ta rufe har keken da nake hawa. Yatsuna suka tsattsage, tsirkiya tana shiga cikin tsagar. Maƙwabcina na ɗaki, wanda kullum yake sunkuya mini da murmushi, bai taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce na dame shi ba, sai ya kai ƙarata wurin shugaban cibiyar da muke koyon aiki. A garinmu da ya leƙo ta katanga ya ce, "Ke Uwani, kashe mu za ki yi?" mu yi dariya a wuce wurin. Aka sa na riƙa toshe muryar shamisen ɗin da wani katako, ina bugawa kamar mai satar tuwo.

A cikin sanyin nan ne bakina ya suɓuce na gaya wa Inna a waya. Inna kuwa ba ta iya riƙe magana. Na ji ta tana cewa, "Malam, ka ji ɗiyarka, wai molon Japan taka koyo." Sai muryar Baba ta zo, a hankali, don tun ciwon harshensa ya yi nauyi.

"Uwani, gwamnati ta tura ki koyon ƙasa, ke kin koma kiɗi?"

"Baba, a nan mata ne ke yi."

"Can ne. Kak ki sa a yi mani dariya kasuwa."

Na aje wayar na yi kuka mai isata, na share ido, na ɗauki bachi don haushi.

Da ƙanƙara ta narke na iya 'yar waƙa guda ta yara, ina ɗingishi a cikinta. Na ga kwanaki na tafiya, sai wata rana ana hutun shan shayi na lallaɓa na fara laluben taken kakanmu a kan tsirkiyar. Ban yi nisa ba na ji tafin hannu ya sauka a kan tsirkiyoyin, amon ya mutu. Sensei ce.

"Ba yanzu ba."

To sai yaushe? Takardar zamana ba ta san ba yanzu ba. Kuma akwai wani abu da ya fi komai ƙona mini rai a kiɗansu: a buga, a tsaya, a jira, sannan a sake bugawa. Ni da na tashi da molon da ko ƙuda ba ya samun wurin sauka a tsakanin bugu da bugu, hannuna ba ya iya jira, sai ya cike gurbin. Sensei ta ce tsayawar ma kiɗa ce. Na ce "to" a baki, a zuci na ce in shiru kiɗa ne ai duk garin nan makaɗa ne.

Sai daminarsu ta kama. Ba irin tamu ba ce, da hadari zai taso a zuba a ɗauke rana ta fito. Yayyafi ne ba dare ba rana, bango yana gumi, takalmi yana furfura, zanen da ka shanya ya kwana uku bai bushe ba. A lokacin ajin yana shirin wasan da suke yi duk shekara a zauren gari, kuma Sensei ta ce mai yiwuwa in zauna a layin baya. A wurinta wannan babban yabo ne. A lokacin ne kuma Inna ta ce mini Baba ya rage cin abinci, fura kawai yake kurɓa. Hankalina ya rabu biyu, na ƙara ƙaimi.

Wata Lahadi da safe na ɗauko shamisen in ɗan motsa hannu kafin aji, na ji muryarsa ta dushe, kamar mai mura. Na danna fatar, na ji ta saki. Laima! Abin da aka ce in kiyaye. Ban ko tsaya tunani ba, don maganin wannan na san shi tun kafin in san karatu. Duk damina, kafin Baba ya fita biki, sai ya ce wa Inna ta ɗebo garwashi a kasko, ya kanga molon a kai yana jujjuyawa, yana ƙwanƙwasa fatar da yatsa har ta ɗaure ta yi tsan. Masu kalangu haka suke yi, masu ganga haka. Na kunna murhun gas, na rage wutar, na kanga shamisen ɗin daga nesa ina juyawa. Na ƙwanƙwasa, na ji muryar ta fara dawowa. Har na yi murmushi, na ce yau ga abu guda da 'yar Mantau ta fi su sani. Na ƙara matsawa kaɗan.

Ƙarar kamar an harba bindiga a ɗakin. Fatar ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ta bi ta tsakiyar wurin nan mai santsi. Ashe tasu fatar ba kamar ta akuyarmu ba ce da ake ɗaurewa da sauran numfashi. Siririya ce, an ja ta iyakar ja, an manne da ƙullun shinkafa. Ba ta da inda za ta ƙara zuwa.

Na kai shi a rungume, a cikin ruwan sama. Na durƙusa na buɗe a gabanta, na sa goshina a tabarma. Sensei ta sa yatsa ta shafa wurin da hannun mahaifiyarta ya cinye, gefe guda, sannan ɗaya gefen. Ta daɗe tana shafawa. Sai ta mayar da shi cikin jakarsa, ta ɗauki nata, ta ce a fara darasi. Wallahi da ta zage ni, da ta ce uwata da ubana, da na ji sauƙi. A gida in ka yi ɓarna a wanke ka tas, ka yi kuka, a ba ka tuwo. Nan kuwa an bar ni da abina, ina durƙushe hannu wofi ina kallon tsofaffi suna kiɗa.

Na nace sai na bi shamisen ɗin wurin mai gyara, ko na ɗauki nauyin aikin. Dattijon ya duba ya girgiza kai, ya ce sabuwar fata za a sa, tsohuwar ta tafi ke nan. Na tambaye shi fatar mece ce. Ya ce ta kare. Kare! Watanni ina kwantar da hannuna a kai, ina tashi in yi alwala ban sani ba. Na fito ban san ko in yi kuka ko in yi amai ko in yi dariya ba. Ranar wasan zauren gari kuwa, aikina shi ne jera takalman baƙi a bakin ƙofa.

Na so in daina zuwa. Tsohuwa Sato ce ta riƙa biyo mini da lema duk Lahadi, ta tsaya a ƙofa ba ta cewa komai har sai na fito. Sai da zafi ya shigo, saura kaɗan in tafi, Sensei ta tsayar da ni bayan aji. Ta tambaye ni abin da ya sa na kai fata wuta. Ba faɗa a muryarta, so take ta sani. Na ba ta labarin kaskon garwashi, daga nan labari ya ja labari, har na kai ga hannun Baba da ƙusar bango da taken da ba shi da mai karɓa. Wayar tana fassarawa, Allah kaɗai ya san abin da take faɗa mata.

"Rera mini," in ji ta.

Na rera da baki. Ta ce in sake. A karo na farko kalmar ba ta ba ni haushi ba. Ta ɗauki shamisen ɗinta ta riƙa lalube, sai ga taken kakanmu yana fitowa daga hannun tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Mayahi ba. Sauran Lahadin da suka rage ta riƙa nuna mini inda yatsa zai sauka, gaɓa-gaɓa. Sai dai ta sa masa tsaye-tsayen nan nasu. Inda Baba ke zubawa a guje, ita sai ta ja birki ta jira. Na san ba haka yake ba. Amma da wane baki wadda ta fasa fatar uwar mutum za ta ce masa ya yi kuskure? Na haɗiye, na koya yadda aka ba ni. Ranar ban kwana tsofaffin suka haɗu suka ba ni wani na 'yan koyo mai fatar roba. Sato ta yi alamar wuta da yatsunta, ta girgiza mini kai, duk muka yi dariya har da Sensei.

Na iso Tasawa an fara yankan gero. Ban ko kwance kaya ba, washegari na kama hanyar Gidan Amumune, Yaya Sani ya tarye ni da babur, akwatin a bayana yana ta tambaya ko injin ban ruwa ne. Na tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa, ya rame har na tsorata, hannun daman yana kwance a cinyarsa. Bayan an gama gaishe-gaishe an sha ruwa, na shimfiɗa tabarma a gabansa, na yi zaman tahiya, na sunkuya. Inna ta kwashe da dariya.

"Wanga kuma wace irin salla ce?"

Baba bai yi dariya ba. Bai kuma hana ni ba. Na ɗaure tsirkiya, na soke bachi, na buga. Na yi tuntuɓe a wuri biyu, amma na kai ƙarshe. Kaji ne kawai ke motsi a gidan. Na ɗago ina jiran ko zagi ko albarka.

"Wa ya huda shi?" in ji Baba.

"Na'am?"

"Taken. Duk ramu ne ciki. Ki taka ki tsaya, ki taka ki tsaya, kamar mai tahiya cikin ƙaya. Ubana bai bar mani shi haka ba. In haka za ki kai shi gaban mutane, gara shi mutu."

Shekara guda ta ciwon gwiwa da tsagaggen yatsa da fatar uwar mutane, ga abin da na samu. Na fara mayar da shamisen ɗin cikin jaka, ina ƙoƙarin kada hawaye ya zubo a gabansa.

"Ke," ya ce wa Inna, "sabko mani da shi. Ki ɗebo wuta."

Inna ta tsaya tana kallonsa, sannan ta shiga ɗaki. Ta fito da molon, ƙura ta rufe shi, fatar ta saki don damina biyu ta same shi a bango. Ta aje kaskon garwashi a tsakaninmu. Baba ya nuna ni da haɓa. Inna ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu, ina jiran a buge mini su. Na kanga shi can sama, nesa da wutar, ƙarar ɗakin nan tana dawo mini a kunne.

"Mi kike tsoro? Matso da shi. Hwatar akuyar gidanga ce, ta san wuta."

Na matso. Na juya, na ƙwanƙwasa, na juya, har fatar ta amsa tsan. Na ɗora shi a cinya, na tsinka da yatsa, babu bachi. Gaɓar farko ta fito a karkace. Baba ya miƙo hannunsa na hagu, mai ran, ya kama ɗan yatsana ya gusar da shi ƙasa kaɗan a kan tsirkiyar.

"Nan ne. Kuma kak ki tsaya," ya ce. "Sake."